Magajin Gari, Gwamna ko Yamai: Yadda Wata Cibiyar Bincike Ta Kai Zancen Mulkin Jiha Gaban Mutanen Damagaram

Ba a koya wa mutumin Damagaram siyasa. Garin da ya riƙe matsayin babban birnin mulkin mallaka daga 1911 zuwa 1926, kafin Turawan Faransa su kwashe ofisoshinsu su koma Yamai, ya daɗe da sanin darajar wurin da ake yanke hukunci. André Salifou, wanda ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991, ɗan garin nan ne, kuma sunansa jami'armu take amsawa yau. Mahamane Ousmane, shugaban ƙasa na farko da aka zaɓa a zaɓen jam'iyyu da yawa a 1993, nan aka haife shi. A zagaye na biyu na zaɓen 21 ga Fabrairu 2021, 'yan takarar biyu duk jihar nan ce gidansu na siyasa: Ousmane daga birni, Mohamed Bazoum daga Tesker. Wanda ya zauna fada, wato dandalin hirar samari, a Zango ko Sabon Gari a waɗancan kwanaki ya ji yadda samari ke fayyace ƙawancen jam'iyyu dalla-dalla, su faɗa maka wa ya bar wa, wa ya koma ina, da abin da aka yi masa alkawari.

Sai dai duk wannan sani na siyasar sama ne: shugaban ƙasa, ministoci, jam'iyyu. Ka tambayi wannan saurayin wa ke da alhakin rufe ajin lakwal ɗin unguwarsu da iska ta yaye, ko ina kuɗin tikitin kasuwa ke shiga, amsarsa ɗaya ce: gwamnati. Wace gwamnati, wane ofis, wa ya sa hannu, wa za a tambaya? Nan zancen yake tsayawa. Wannan giɓin ne wata ƙaramar cibiyar bincike ta nan Zinder ta sa a gaba bayan zaɓen majalisun jihohi da ƙananan hukumomi na 13 ga Disamba 2020. Na bi aikin kusa-kusa, domin ina cikin waɗanda suka taya su mayar da takardu zuwa Hausa. Ba zan kama sunan cibiyar ba, don akwai inda zan kushe aikinta, kuma mutanenta suna nan suna harkokinsu a gari.

Abin da suka tarar a ƙasa

Cibiyar ba wata babba ba ce. Malaman jami'a ne 'yan kaɗan, da wasu dattawa da suka yi ritaya daga baitulmali da ofisoshin mulki, sai samari da 'yan mata masu digiri da ke tattara bayanai. Kuɗin aikin daga wata ƙungiyar ƙetare ya fito, na wa'adi ne. Irin wannan bincike ba sabo ba ne a Nijar. Cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001 ta bi diddigin ƙananan hukumomi da dama tun kafin a zaɓi kansiloli har bayan sun kama aiki, kuma rubuce-rubucenta suna intanet kyauta. Abin da mutanen Zinder suka so su ƙara shi ne fito da irin wannan ilimi daga takarda, a kai shi kunnen mai biyan haraji.

Tsarin da suka so su bayyana yana da sarƙaƙiya, gaskiya ce. A Yulin 2004 aka yi zaɓen da ya kafa majalisun ƙananan hukumomi 265 a faɗin ƙasa. A Janairun 2011 aka ƙara majalisun jihohi, bisa dokar ƙananan hukumomi ta Satumban 2010. Jihar Damagaram, wadda ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace jiha yawan jama'a da mutum sama da miliyan 3 da rabi, tana da gundumomi 10 da ƙananan hukumomi fiye da 50, kuma birnin kansa an kasa shi kashi 5 a ƙarƙashin majalisar birni ɗaya. Gwamna daga Yamai ake naɗo shi, wakilin gwamnatin tsakiya ne, haka ma shugabannin gundumomi. Majalisar jiha kuwa, kafin a rusa majalisun a 2024, jama'a suka zaɓa, ita ta zaɓi shugabanta daga cikin kansiloli, kamar yadda kansilolin gari ke zaɓen magajin gari. A lokacin, sarakunan gargajiya da 'yan majalisar dokoki suna da kujera a waɗannan majalisu, suna ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a. A 2016 gwamnati ta sanar da miƙa fannoni huɗu ga ƙananan hukumomi da jihohi: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. An miƙa nauyin a takarda, kuɗin ɗaukar nauyin kuwa ya riƙa zuwa a makare, ko ya zo bai kai ba.

Ke nan a wancan lokaci a gari ɗaya akwai gwamna, akwai shugaban majalisar jiha, akwai magajin gari na birni da na kowane kashi, akwai Mai Martaba Sarkin Damagaram a Birni, kuma kowane ɗaya ana ce masa ranka ya daɗe. Talaka yana da uzuri idan ya rikice.

Matakin farko da cibiyar ta ɗauka shi ne wanda kowa ya saba: ta fitar da rahoto da Faransanci, ta kira taron ƙara wa juna sani a zauren wani otal. An jera kujeru, an rataya ƙyalle mai sunan mai ba da tallafi, an haska alƙaluma a bango. Waɗanda suka zo su ne waɗanda suke zuwa kowane taro: wakilan ofisoshi, shugabannin ƙungiyoyin farar hula, 'yan jarida. An yi jawabai, an ci abinci, an sa hannu a takardar kuɗin zama, aka watse. Rahoton yana da kyau, na karanta shi, amma a ƙasar da manyan da suka iya karatun boko ba su kai rabi ba, kuma masu Faransancin da zai iya da kalmomin kasafin kuɗi suka fi haka ƙaranci, an yi zancen jama'a ne ba jama'a a wurin. Mutanen cibiyar da kansu sun gane haka tun kafin a tattara kujerun.

Rediyo, da tambayar ruwa

Daga nan suka sayi lokaci a wani gidan rediyo mai zaman kansa, shiri na dare bayan sallar isha'i, da Hausa zalla, ana buɗe layi. Sun tsara darussa bi da bi: yau aikin majalisar jiha, gobe na gwamna, jibi haraji. Masu sauraro ba su bi wannan tsari ba ko kaɗan. Ko me aka ɗauko, wayar farko ruwa ce, ta biyu ma ruwa ce.

Wanda ya san Zinder ba zai yi mamaki ba. Garin a kan dutse yake zaune, haƙa rijiya mai ruwa a cikinsa sai an dace, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da babban birni Yamai. Ruwan famfonmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya a kudu, daga Arunguza da Ganaram a arewa. Da zafi ya kama, mata kan kwana a bakin famfo da jerin jarkoki, 'yan garuwa su ƙara kuɗi, unguwannin tudu su yi kwanaki ba ɗigo.

Wani dare wata dattijuwa ta kira daga Garin Malam. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta ce: "Mushe, ni ba karatu gare ni ba. Mun zaɓi magajin gari da hannunmu, ga shi ina sayen ruwa kamar ina sayen mai. Ka gaya mini, shi ne ya hana mu ruwa ko ba shi ba ne?"

Malamin da ke kan kujera ya ajiye takardar darasinsa. Ya ce: "Inna, ki saurare ni da kyau. Famfon cikin birni ba a hannun magajin gari yake ba. Injina da manyan bututu na kamfanin gwamnatin tsakiya ne, wani kamfanin kuma ke raba ruwan yana karɓar kuɗi, su duka ma'aikatar ruwa ta Yamai suke amsa wa. Abin da magajin gari zai iya shi ne ya kai kukanku da takarda, ya nemi a ƙara famfunan unguwa, ya sa ido a kan kuɗin da ake sayar da jarka. Wannan ki tambaye shi, haƙƙinki ne. Na bututu kuwa, ɗan majalisar dokokinku da gwamna su ne hanya."

Ta ce: "To, Allah ya yi maka albarka, ɗana. Yau na san ƙofar da zan buga."

A ganina wannan kiran ne ya juya aikin gaba ɗaya. Daga ranar suka bar tsarin darasi, suka koma karɓar kuka ɗaya a kowane shiri, su bi shi har inda ya tsaya: wa doka ta ɗora wa, wa ke riƙe da kuɗin, wace takarda ce za ta nuna. Rijiyar burtsatse ta ƙauye tana ƙarƙashin ƙaramar hukuma, famfon birni yana ƙarƙashin Yamai. Lakwal ɗin firamare na magajin gari ne, ginin sakandare na majalisar jiha, amma albashin malamin da ke ciki daga gwamnatin tsakiya yake fitowa. Shara da magudanun ruwa na birni ne. Mutane suka fara kira suna gyara wa juna kafin malamin ya buɗe baki.

Wani abin da ya ba da wahala shi ne lissafi. Kasafin kuɗi da sefa ake rubuta shi, kasuwa kuwa da dala da jika take ƙirga. Ka ce sefa 500, mai sayar da tumatir a kasuwar Dole dala 100 ta sani. Miliyan ɗaya jika 1000 ne. In aka karanto miliyoyi a jere, kunne yakan toshe, mutum ya ji dai kuɗi ne masu yawa, ya yanke cewa an cinye. Sai ɗaya daga cikin dattawan baitulmali ya ɗauki nauyin wannan ɓangare. Yakan faɗi adadin da sefa, ya maimaita da jika, sannan ya ce kuɗin nan zai gina aji kaza ko ya haƙa rijiya kaza bisa farashin da hukumar da kanta ta rubuta.

Shi ne kuma ya kawo bayanin da na fi ganin amfaninsa a duk aikin. Kasafin da kansiloli ke amincewa da shi a ƙarshen shekara hasashe ne, fata ne na abin da za a tara. Akwai wata takarda ta biyu, ta lissafin ƙarshen shekara, wadda ke nuna abin da ya shigo da gaske da abin da aka kashe. Tsakanin takardun nan biyu akwai rata mai faɗi a yawancin ƙananan hukumominmu, domin harajin kai ba ya taruwa yadda aka rubuta, kason da ake jira daga Yamai yakan makara, kuma ɗan abin da ya shigo albashi da man mota da hidimar ofis su ne ke fara cin rabonsu. Wanda ya ji kasafin farko kawai a rediyo, bai ga aiki ba, ɓarawo zai kira magajin gari. Wani lokaci yana da gaskiya. Sau da yawa kuma kuɗin ne bai taɓa shigowa ba. Takarda ta biyu ce ke raba gardama, ita ce kuma ba a cika karanta wa kowa ba.

Fada da zauren mata

Rediyo yana kai murya nesa, amma mai katin waya ne ke kira, kuma maza sun fi yawa. Sai cibiyar ta rarraba samarinta su bi fada-fada da yamma. A nan aka gamu da zargi tsirara. A Kara-Kara, unguwar da aka daɗe ana yi wa kallon saniyar ware, wadda 'yan siyasa ke tunawa da samarinta lokacin kamfe kawai, tambayar farko ita ce: wace jam'iyya ta aiko ku? Ta biyu: nawa za a ba mu? Samarin nan sun saba a zo a ɗauki hotonsu, a rubuta rahoto a kansu a matsayin matsala, musamman tun bayan tarzomar Janairun 2015. Ba su ga dalilin da zai sa waɗannan baƙin su bambanta ba.

Na halarci ɗaya daga cikin zaman. Tabarma ce a gindin bango, butar shayi a kan gawayi, babura a jere. Yaron cibiyar bai fito da takarda ba sai da aka zuba shayi na biyu. Wani ɗan kabu-kabu ya zaro tikitin haraji daga aljihu, duk ya yamutse, ya miƙa masa ya ce: "Abokina, bar dogon turanci. Wannan da nake biya, ina yake zuwa?" Yaron ya karɓa ya haska da fitilar waya, ya nuna masa hatimi da lambar da ke jiki, ya ce kowane tikiti na gaskiya yana da gindi da ke saura a littafin mai karɓa, kuma da wannan gindin ake lissafa abin da ya kamata ya shiga asusun birni. In aka karɓi kuɗinka ba a yaga maka tikiti ba, ko aka ba ka marar lamba, to kuɗin bai kama hanyar asusu ba. Wurin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan kowa ya shiga laluben aljihunsa. An kai dare ana duba tikiti.

Mata kuwa ba a same su a fada ba, ba a kuma same su a otal ba. 'Yan matan cibiyar ne suka bi su inda suke taruwa da ma: ranar zubin asusu, da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka bazu a ƙasar nan tun daga shekarun 1990. Matan da ke riƙe da akwati mai makulli, suna ƙirga zubi a gaban kowa duk mako, ba su sha wahalar gane zancen lissafin ƙarshen shekara ba. Tambayarsu ma ta fi ta maza kaifi: in mu muna buɗe akwatinmu a bainar jama'a, me ya hana hukuma buɗe nata? An gaya musu cewa zaman majalisa a buɗe yake ga kowa in ba an ayyana na sirri ba, kuma akwai dokar Fabrairun 2011 da ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma. Wasunsu sun je zaman kasafi na yankinsu na birni, suka zauna a baya da mayafansu. Wani kansila ya gaya mini daga baya cewa ranar kowa ya gyara zamansa.

Matatar mai, da zargin ɓangaranci

Inda aikin ya fi zafi shi ne zancen mai. Matatar SORAZ da aka buɗe a Nuwamban 2011, kimanin kilomita 50 arewa da birni a kan hanyar Tanout, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin, kashi 40 na Nijar. Kowace rana mutanen gari suna ganin tankoki na wucewa. Kundin tsarin mulkin 2010 ya ce a raba kuɗin albarkatun ƙasa tsakanin gwamnatin tsakiya da ƙananan hukumomi, kuma a wallafa yarjejeniyoyin haƙo su. Dokokin ma'adinai da na man fetur sun ware kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen shiga ga yankunan da ake aikin. Mutumin Damagaram ya ji wannan kashi 15, ya riƙe shi gam, ya ɗauka kashi 15 ne na duk man da ya ga yana wucewa.

Cibiyar ta yi bayanin cewa kason daga wasu nau'o'in haraji ne da doka ta lissafa, cewa ɗanyen man daga Agadem ta jihar Diffa ake turo shi ta bututu, kuma ko abin da doka ta yanke ɗin sai ya bi ta baitulmalin Yamai kafin ya sauko, inda yakan daɗe. Wannan bayani bai yi wa kowa daɗi ba. Magoya bayan masu mulki na lokacin suka ce cibiyar tana tunzura jama'a da zancen bashin da ba a biya ba. 'Yan adawa suka ce tana rage girman haƙƙin Damagaram don ta wanke gwamnati. A mako ɗaya an kira su 'yan wannan jam'iyya an kuma kira su 'yan waccan.

Abin da ya tsare su ƙa'idoji ne da suka ɗaura wa kansu tun farko, kuma ina ganin duk mai son yin irin aikin nan ya dube su. Ba a kama sunan mutum a shiri, kujerarsa ake kira. Ba a faɗin adadi sai da takardar da ya fito a hannu, a kuma faɗi ofishin da ya ba da ita. Duk wanda aka taɓo aikinsa ana gayyatarsa ya zo ya ba da amsa a shiri na gaba, da lokaci daidai da na mai ƙorafi. Kafin su shiga kowace unguwa kuma sai sun gai da mai unguwa, kamar yadda suka fara da kai gaisuwa fada a Birni. Wasu samarin cibiyar sun ga wannan ɓata lokaci ne, suna cewa ai sarauta ba ta cikin tsarin zaɓe. Ban yarda da su ba. Masu unguwa da hakimai su ne ke karɓar harajin kai, su ake kai wa ƙarar fili da ta gona, kuma taron da mai unguwa bai san da shi ba a garin nan, rabin mutane ba za su zo ba.

Inda aikin ya gaza

Ba zan ce an samu ruwa saboda shirin rediyo ba, ba a samu ba. Abin da na gani da idona ya fi haka ƙanƙanta: mutane sun fara kai kuka inda ya dace, wasu kansiloli sun fara neman a ba su takardun kasafi kafin ranar zama maimakon a miƙa musu a bakin ƙofa, kuma wasu daga cikinsu, waɗanda ba su yi boko mai zurfi ba, sun riƙa zuwa cibiyar a kaɗaice a karanta musu abin da za su jefa wa ƙuri'a. Wannan na ƙarshe ya taɓa ni ƙwarai. Mutum ne jama'a suka zaɓa, yana son ya yi aikin da gaskiya, harshen takarda ya tsare masa hanya.

Gazawar kuwa a fili take. Aikin ya tsaya a birni. Jihar da ta miƙe daga Magaria da Dungass a bakin iyakar Najeriya har zuwa rairayin Tesker, mafi yawan mutanenta manoma ne da makiyaya, kuma su ne suka fi jin nauyin harajin kai da rikicin burtali da rijiya. An yi 'yan tafiye-tafiye zuwa Mirriah da Matameye, aka dawo. Ba a yi shiri ko ɗaya da Barbarci ko Fulatanci ko Tubanci ba, alhali jihar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Majalisar jiha, wadda ita ce asalin abin da aka so a haska, ta kasance a gefe, domin kukan mutane kusan duka na magajin gari ne ko na Yamai, kuma cibiyar ba ta dage ta nuna abin da majalisar ke yi da tsarin raya jiha da ta rubuta ba. Sannan komai ya rataya a wuyan mai tallafi ɗaya. Da wa'adinsa ya cika, kuɗin sayen lokacin rediyo ya yanke. Ba a taɓa neman 'yan kasuwar gari ko gidan rediyon da kansa su ɗauki wani kaso ba tun shirin yana da farin jini, lokacin da za a iya samu.

Bayan Yulin 2023

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya dakatar da kundin tsarin mulki da harkokin jam'iyyu. A Afrilun 2024 majalisar soja ta CNSP ta rusa majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Bayan babban taron ƙasa na Fabrairun 2025, an ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa a ranar 26 ga Maris, aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani na wa'adin shekara 5, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa. Zaman majalisar da matan asusu suka koyi halarta babu shi yanzu. Kansilan da ake karanta wa takarda ya koma gonarsa ko shagonsa.

Wasu a cibiyar suka ce aikin ya ƙare, tunda ba zaɓaɓɓen da za a tambaya, kuma yin magana a bainar jama'a a kan kuɗin hukuma yana buƙatar taka-tsantsan fiye da da. Na fahimci tsoronsu, ba na kuma raina shi. Amma ɗan kabu-kabu yana nan yana biyan tikiti, mai rumfa a kasuwar Dole tana biya, ana rubuta kasafi duk shekara ana kashe shi. Da can in magajin gari ya ɓata, akwai kansilan adawa da zai ɗaga murya a zaure, akwai ranar zaɓe. Yanzu da waɗannan biyun suka kau, takardar lissafi ce kaɗai ta rage tsakanin mai biya da mai kashewa. Kantoma mai gaskiya ma ita ce za ta wanke shi ranar da aka fara ƙananan maganganu, ita ce kuma za ta sa mutane su biya haraji ba da jan rai ba, a lokacin da hukumomi ke kiran kowa ya dogara da abin cikin gida.

Kundin na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mutanen cibiyar da suka rage sun kama wannan a matsayin hujja, suka shirya buƙata guda mai sauƙi da za su kai wa hukumomin birni da na jiha: a fitar da taƙaitaccen kasafi da lissafin ƙarshen shekara da Hausa, shafi biyu, da boko da ajami, a liƙa a ƙofar ofis da bakin kasuwa, a kuma karanta a rediyo. Fassarar su za su yi kyauta. A gefe guda suna yanka tsofaffin shirye-shiryensu guntu-guntu, na tikitin haraji, na bambancin famfon birni da rijiyar ƙauye, na takardun kasafi biyu, suna tura wa gidajen rediyon karkara ta WhatsApp, suna kuma neman masu Barbarci da Fulatanci da za su sake ɗaukar su da muryarsu. Ɓangaren da ya yi bayanin zaɓen kansiloli da zaman majalisa sun ajiye shi gefe, na haraji da lissafi kuwa har yanzu yana aiki yadda yake, ba abin da aka canza a ciki sai sunan kujerar mai sa hannu.